ƘAHON BAYAN ZANA

Na Taibatu B. Mafara

Shafi na 14

Assalamu alaikum. Masu cewa na yi shiru, ku yi min uzuri, shafin nan ina ta gogewa ina sakewa don ni kaina tsoro yake ba ni. Rubutuna na farko ne, in kun ga kuskure ku gyara min a hankali.

*

"Oga, ka ce yau za a ga fuskata."

Ɗan Asabe, daraktan 'yan talbijin, bai ko ɗago ba. Yana tsugune yana warware wayar makirfo da ta cukurkuɗe, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

"Luka, kai dai ka cika son huska. Wa yac ce maka mutanen Sakkwato huska su ka biɗa? Dariya su ka so."

"Amma ka yi alkawari."

"Na yi. Na kuma ce sai in ka zo da sabon kiɗi. Ka zo da shi?"

Luka ya ƙara rungume saksafon ɗinsa, ƙahon busa na Turawa. "Na zo da shi."

"To shiga bayan zana. In yay yi daɗi, ƙarshen wasa mu ɗage zana a gan ka. In bai yi ba ka koma ga waldarka."

Tun da 'yan talbijin ɗin nan na Sakkwato suka sauka Talata Mafara suka kafa kayansu a harabar kulob ɗin ma'aikatan dam, wurin Luka ke nan, bayan zana. Wasan barkwanci suke ɗauka, labarin wani mahauci da aljanin Turawa ya shiga, ya yar da wuƙa ya ce shi sai kiɗan jaz. Jatau ne mahaucin, kuma mahaucin gaske ne, rumfarsa na nan cikin kasuwa. Shi ke tsayawa gaban kyamara da ƙahon gwangwani yana kumbura kumatu, Luka na ɓoye yana busa na gaskiyar. Abin haushin ma, Luka ne ya yi waldar ƙahon gwangwanin da hannunsa. Da aka nuna kashin farko, har daga Bakura mutane suka riƙa zuwa rumfar Jatau kallon mahaucin da ya iya kiɗan Turawa. Sunan Luka kuwa ko a bakin kowa.

Yana juyawa ya yi kiciɓis da ƙanwarsa Rhoda, riƙe da kwandon cefane.

"Yaya, ni fa tsoro nake ji. A bar ni in koma gida mana."

"Magana ɗaya ce fa, Rhoda. Ki ce a yanko miki naman miya, Jatau ya zaro ido, ki yi ihu ki gudu. Shi ke nan. Ke da kike rera waƙa gaban coci cike da mutane?"

"Can ai Allah nake wa. Nan kuwa wancan baƙin idon ne ke kallona." Ta nuna kyamara da baki. "In Mama ta ji na shiga talbijin fa?"

"Mama tana Zuru, wa zai kai mata? Yi min wannan, don Allah. Duk garin nan babu gidan da ya bar 'yarsa ta fito. In ba ke, Oga ya ce an fasa wasan yau."

Ta gyara riƙon kwandonta.

"Don kai ne kawai."

Mama ta faɗo masa a rai. Ranar da zai taho da ita, a tasha Mama ta damƙa hannun yarinyar nan cikin nasa, ta ce yadda ya karɓe ta haka take so ya mayar mata da ita. Ya kawar da tunanin, ya shige bayan zana.

Sabon kiɗin ba daga faifan Turawan Italiya masu aikin dam ya ɗauko shi ba. A bakin ƙofar kulob ya tsince shi, wurin Inna Larai mai waina, wata tsohuwa da ruwan dam ya taso su daga tungarsu can bayan Maradun. Duk sanda take wanke tanda sai ya ji tana gunguninsa a maƙoshi, wani take mai hawa a hankali kamar mutum na hawan tudu da kaya. Amma kullum tana kawowa tsakiya sai ta yanke, ta yi tofi gefe, ta kama wata hira. Luka ya ɗauka mantuwa ce irin ta tsufa. Shi kuwa kunnensa ba ya barin kiɗa a rataye. Ya yi ta juya shi a ɗaki har ya gano inda yake neman zuwa, ya ƙarasa shi da kansa.

"Akshin!"

Ta ɓular zana ya hango Jatau ya faɗo fili, fuska fara fat da garin rogo, ya ɗaura nakatai a wuya a kan rigar yanka, yana tangaɗi.

"Bonjorno jama'a! Kilishiyo! Tsireto! Yau ba nama, sai jaz!"

'Yan kallon da suka jeru a bakin waya suka bushe da dariya. Jatau ya kai gwangwani baki. Luka ya lumshe ido ya ja numfashi.

Kiɗan ya fito da taushi, ya fara hawa. Bai taɓa jin ƙahon ya yi masa biyayya irin ta yau ba. Ya iso daidai inda Inna Larai ke yankewa, ya wuce.

Dariyar mutane ta fara raguwa.

Wani wari ya bugi hancinsa, warin laka, irin ta ƙasan gulbi da ba ta taɓa ganin rana ba.

Ya buɗe ido ɗaya ya leƙa. Rhoda ta shigo, tana tsaye gaban teburin nama. Ba ta ce a yanko mata komai ba. Kwandon ya sulale daga hannunta. Kanta ya fara juyawa a hankali, ɗankwali ya zame. Sai ta yi wani tsalle sama, ta faɗo zaune daɓas a kan siminti, ƙafafu a miƙe, ko uhum ba ta ce ba.

"Wa yak kira ni?"

Muryar ba tata ba ce. Murya ce ta ƙaton namiji, mai kauri, da Hausar tsofaffin Zamfara wadda Rhoda ba ta taɓa iyawa ba.

Jatau ya sauke gwangwani. "Rhoda, ba haka anka ce ki ce ba. Naman miya hwa."

"Kai mahauci. Matso."

"Rhoda..."

"Mi kas sa ga huskarka?"

Jatau ya shafa fuskarsa. "Ga... garin rogo na."

"Da garin rogo mu ka yawo, mu? Haka kag gan mu?"

Jatau ya durƙusa ba shiri. "Ranka shi daɗe, aljanin Turawa ni ka yi, ba ku ba! Darakta yas sa ni! Ni mahauci na, wallahi ga wuƙata can!"

Ɗan Asabe ya toshe baki da hularsa, kafaɗunsa na rawa don dariya. Yana zungurar mai kyamara yana raɗa, "Matsa kusa! Kai, ashe yarinyag ga gwana ta! Luka, kada ka tsaya!"

Luka ya san ƙanwarsa. Ko a wasan Kirsimeti aka ba ta magana sai ta yi kuka. Ya cire ƙahon daga bakinsa.

Kiɗan na tsayawa Rhoda ta kama wuyanta da hannu biyu. Idanunta suka juye. Ta shiga kokawar numfashi kamar wadda aka danna cikin kogi, ƙafafunta na shure-shure. Ruwa ya fara zubowa daga hancinta da bakinta, ruwa mai laka, har da ɗan guntun ciyawa.

"Rhoda!"

Kafin ya ɗaga ƙafa aka banko zanar daga waje, ta faɗi rigib. Inna Larai ce tsaye, hannunta duk ƙullin waina.

"Busa! Kada ka yanke! Busa, ɗan nema, ka so ta mutu?"

"Inna, me ya..."

"Busa nic ce!"

Ya mayar da ƙahon bakinsa. Sautin farko na fita Rhoda ta ja wani dogon numfashi, ta tofar da ruwa, ta gyara zama ta harɗe ƙafa kamar babu abin da ya faru.

Kyamara ta juyo kansa. Ga shi nan tsaye a fili da ƙahonsa, kowa na kallo, amma shi ƙanwarsa kawai yake gani.

Dariyar Ɗan Asabe ta ɗauke. Ya dubi ruwan da ya kwanta a siminti, ya dubi sama, rana tsaka babu ko ɗigon gajimare.

"Kot," ya ce a hankali. "Kot! Kashe janareta!"

Aka kashe. Fitilu suka mutu. Amma jar 'yar fitilar da ke goshin kyamara tana nan a kunne, kaset na ta juyawa. Mai kyamara ya sake ta ya ja da baya. 'Yan kallo kuwa tuni suka watse, wasu har da barin takalma.

Inna Larai ta matso daf da Luka. "Ina kas samu kiɗin ga?"

Ya saci numfashi tsakanin busa. "Wurinki."

"Ni nan ni ka yankewa kullum. Wa yag gwada maka sauran?"

"Ba kowa... kunnena... haka kiɗan ke son tafiya."

Ta ɗora hannu a ka. "Innalillahi. Yaro, take na. Taken kira na. Mijina ka goga shi da goge can tungarmu in za a kira Na Tsamiya, aljanin tsamiyar tungar. Kewar gida ka sa ni in hwara, tsoro shi sa in yanke. Kai ko ka ɗauka ka kai shi har ƙohwa."

"Larai."

Muryar nan ce daga bakin Rhoda. Tsohuwar ta goge hannu a zani, ta cire takalmi, ta je ta durƙusa.

"Na'am, Na Tsamiya. Barka da isowa."

"Kin tsuhwa."

"Na tsuhwa, ranka shi daɗe. Ina gajiya?"

"Babu gajiya."

"Yaya hanya?"

"Hanya ruwa ta."

"Yaya gida?"

"Kihi sun cika min ɗaki."

Jatau, da ke kwance rub da ciki bayan teburin nama, ya ce a ƙasan maƙoshi, "Allah shi kyauta."

"Kun kwashe tukwanenku," in ji muryar. "Kun kwashe awakinku. Har turmi kun ɗora ga mota. Ni kunka bari."

"Cewa anka yi mu tashi, ruwa na tahe. Wa ka iya ɗaukar tsamiya?"

"Ko sallama."

Inna Larai ta sunkuyar da kai.

Leɓen Luka ya fara tsagewa. Yana jin gishirin jini a harshensa. Take ɗaya yake ta maimaitawa, ya kai ƙarshe ya dawo farko, yana tsoron ko ɗan jan numfashin da yake yi ya yi tsawo. Duk sanda ya ɗan jinkirta sai ya ga ƙirjin Rhoda ya tsaya cak.

Na Tsamiya ya ɗaga hannuwan Rhoda yana juya su yana dubawa, kamar mai tayin dabba a kara.

"Wagga goɗiya ta yi min. Murya gare ta."

"Ba taka ta ba, ranka shi daɗe. Ɗiyar mutane ta, baƙuwa. Ba a yi mata girka ba, jikinta bai san nauyinka ba. Dube ta hwa, kahin la'asar ka karya ta."

Luka ya duba. Jijiyoyin wuyan Rhoda sun fito raɗa-raɗa, leɓunanta sun yi toka-toka. Jini ya fara tsatsafowa daga kunnenta ɗaya.

"Inna," ya fizgo maganar da ƙyar, "yaya... ake sa shi... ya tafi?"

"Akwai taken sallama."

"Rera min... zan bi."

Ta kawar da kai gefe.

"Inna!"

"Busa dai, kada ka yi magana mai tsawo."

Ɗan Asabe ya rarrafo kusa, hula a hannu. "Inna, don girman Allah in kin san shi ki rera. In wani abu yas samu yarinyag ga gaban kyamarata, ni da Sakkwato sai a lahira."

"Kai rufe min baki, kai kaj jawo. Kun mai da abin mutane wasan dariya." Ta juyo wurin Luka, muryarta ta yi ƙasa. "Ji nan, ɗana. Sallama ana yi ma wanda ad da gidan komawa. Da, in anka sallame shi, tsamiyatai ya ka komawa. Yanzu tsamiya na ƙarƙashin dam. Kai kaj ji da kunnenka, ba shi son can. In yas sauka daga kanta, biɗar wani gida za shi yi, nan take, nan wurin."

Daga bayan tebur aka ji Jatau ya fara salati da ƙarfi.

"Ta baki ya ka shiga," ta ci gaba. "Shi ya sa in ana sallama kowa ka rufe bakinai, har mai gogen. Mai goge da hannu ya ka kiɗi, bakinai rufe." Ta dubi ƙahon, ta dubi bakin Luka. "Kai hwa?"

Luka ya ci gaba da busa.

Ya gane. Duk wanda ke harabar nan zai iya damtse leɓensa, ban da mai busa.

"A nemo mai goge mana!" in ji Ɗan Asabe. "Akwai wani can garin Garbadu, in tura mota yanzu!"

"Kahin mota ta kai Garbadu ta dawo, wanga yaro na da sauran numhwashi? Ita tana da sauran jiki?"

Na Tsamiya ya yi dariya da bakin Rhoda, dariyar ta ƙare da tari, jini ya biyo. Sai ga wata siririyar murya ta ɓullo ta ƙarƙashin mai kaurin, kamar daga cikin rijiya.

"Yaya... sanyi..."

Ƙahon ya kusa suɓuce masa. Ya riƙe shi gam, ya kai taken ƙarshe, ya ja iska.

"Rera, Inna."

"Ka ji abin da nic ce kuwa?"

"Na ji. Rera."

Tsohuwar ta dube shi, idanunta suka kawo ruwa. Ta juya ta daka tsawa. "Kowa shi rufe bakinai! Wanda yab buɗe, ruwanai!"

Jatau ya cusa nakatai cikin baki ya danne da hannu biyu. Ɗan Asabe ya cije hularsa. Mai kyamara ya kifa fuska cikin ƙasa.

Inna Larai ta damtse leɓunanta, ta fara gunguni ta hanci, daf da kunnen Luka. Wani take ne mai gangarowa, a hankali, kamar ana lallashin yaro ya sauko daga kan katanga. Luka ya bi ta. Karon farko ya kuskure, Rhoda ta gantsare, tsohuwar ta mintsine shi a hannu. Ya sake. Wannan karon ya kama shi.

Kan Rhoda ya fara sunkuyowa.

"Larai," in ji muryar, ta yi nisa yanzu, "kora ta ki ka yi?"

Ba ta buɗe baki ba. Hawaye na zuba, tana gunguni.

Warin lakar ya taso daga wurin Rhoda, Luka yana jinsa yana yawo cikin harabar kamar mai laluben ƙofa a duhu. Ya tsaya kan Jatau, ya wuce. Ya zagaya Ɗan Asabe, ya wuce. Sai ya ji bakin ƙahon ya yi sanyi ƙarara a hannunsa. Sanyin ya fara hawowa ta cikin ƙarfen, maɓalli bayan maɓalli, yana nufo sama.

Saura kaɗan taken ya ƙare. In ya saki yanzu, kan Rhoda abin zai koma. Ya runtse ido ya ci gaba.

Rhoda ta yi atishawa. Ta sake. Ta sake wata mai ƙarfi har ta kife gefe.



Ta ɗago a hankali tana dafe da kai, tana kallon jiƙaƙƙen zaninta, tana kallon Jatau da nakatai a baki.

"Na... na faɗi maganar? An gama?"

Muryarta ce. Tata ta gaske, 'yar siririya.

"Cire ƙahon!" Inna Larai ta fasa ihu. "Ta dawo! Cire, ka rufe bakinka!"

Ya cire. Ya damtse leɓensa da sauri har haƙoransa suka haɗu. Ya tsaya yana sauraron jikinsa. Babu ciwo. Gajiyar ma ta tafi, leɓen da ya tsage ya daina zafi. Wani sanyi ne kawai kwance a ƙasan ƙirjinsa, kamar ya sha ruwan randa da yawa.

Rhoda ta taso tana layi, ta kama hannun rigarsa.

"Yaya Luka? Yaya, me ya samu bakinka? Yi min magana mana."

So yake ya ce mata babu komai. So yake ya ce ɗauki kwandonki mu tafi gida. Ya shirya maganar tsaf a ransa, ya buɗe baki.

Sai ya ji hannunsa ya tashi ba da izininsa ba, ya bubbuga ƙirjinsa, kansa ya juya wurin tsohuwar.

"Larai," in ji bakinsa da wata murya mai kauri, "kin ga hwaɗin ɗakin ga kuwa?"